Kafin Sabbin Su Iso

Lahadi, 1 ga Disamba, 2024
An gama yankan dawa, gonaki sun fito fili. Kawu Mala, wan marigayi mahaifina, shi kaɗai ya rage da ya san inda gonar Innata ta tsaya ta Abdulhadi maƙwabcinmu ta fara. Wanda ya dasa kowane gindin gamba a kan iyaka, ya sani. Ina so in zaga da shi in naɗi muryarsa, in zana taswira. Amma kwamfutata ta laftof minti ashirin take yi ta mutu, ga zafi kamar murhu. Wuta kuwa, rabonmu da ita tun damina.

Laraba, 18 ga Disamba
Na shiga birni wajen Munir mai sayar da kwamfuta. Ya ce sababbi na hanya. Ƙwaƙwalwarsu ƙanƙanuwa ce fiye da ta da, ba ta cin batir, caji ɗaya wuni guda. Ya nuna min wata ta bara, na ƙi ko taɓawa. Na ce in zan yi abu, sau ɗaya zan yi shi, mai kyau.

Juma'a, 24 ga Janairu, 2025
Ba su iso ba. Wai sai an ƙosar da manyan ƙasashe tukuna.

Asabar, 15 ga Fabrairu
Kawu ya zo da sandarsa tun da hantsi. "Ikrima, tashi mu je, yau ƙafar da sauƙi."
Na ce ya ƙara haƙuri, na'urar ta kusa.
"Wayar aljihunka ba ta jin magana ne?"
Na yi dariya, na ce aikin ya fi ƙarfinta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya. Na ji babu daɗi, amma na bar shi ya tafi.

Talata, 8 ga Afrilu
Kawu ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin damansa ya shanye. Baki ya karkace, magana ba ta fita.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Abdulhadi ya fara kai taki, ya zuba har bayan ɗorawar da Inna ke cewa tamu ce. Ban ce mugu ba ne, wataƙila haka ya tarar. Mai unguwa ya tambaye ni shaida. Me zan nuna masa? Inna ta kau da kai daga gare ni, da ta zage ni ma da ya fi.

Litinin, 5 ga Mayu
Sabuwar kwamfutar ta iso. Siririya, ba nauyi, ba zafi. Munir sai yabonta yake, ni ko kwalin ban iya buɗewa a gabansa ba.

Talata, 6 ga Mayu
Na kunna ta a gefen tabarmar Kawu tun safe. Na tambaye shi ɗorawa, na tambaye shi gamba. Leɓensa na motsi, hawaye na bin kuncinsa. Har la'asar tana naɗa. Da na saurara, kukan kaji ne, da dakan mata, da numfashinsa. Sau ɗaya ya yi kamar zai kira sunana.

Ko rabin batirin ba ta ci ba. Munir bai yi ƙarya ba.

Gobe zan koma da sassafe. Ba sai na ɗauke ta ba. Farcensa ya yi tsawo, kuma na lura ba ya so a saki hannunsa.