Tabarmar Inna da Jirgin Ƙarfe Huɗu

Brisbane, 3 ga Maris

Zuwa ga Goggo Lupesina,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da mutanen Matasina baki ɗaya. Ni ce Maselina, 'yar ƙaninki Filipo. Na san ba kya ɗaga waya in kin ga lambar gidanmu, shi ya sa na rubuto.

Goggo, za mu zo Samoa a watan Yuni, ni da Baba da mijina da 'yan matana biyu. A jirgin ruwan masu yawon buɗe ido za mu zo, Baba ne ya dage sai shi. Zai tsaya a Apia ranar Alhamis sha biyu ga wata, daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma, kuma an ja mana kunne cewa ba ya jiran kowa.

Masu jirgin suna da nasu tsarin yawo, amma kunya nake ji a zagaya da 'ya'yana ƙasar kakanninsu da ɗan kati a wuya kamar baƙi. Ko za ki taimaka mana da mota, da inda yara za su yi wanka a ruwan dutse, da ɗan abinci irin na gida? Baba bai ce in tambaye ki ba. Bai kuma hana ni ba.

Taki mai biyayya,
Maselina

Matasina, 19 ga Maris

Sieni 'yar'uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Auckland bai ƙarasa miki gwiwoyin nan ba. Zauna tukun kafin ki ci gaba da karantawa. Filipo zai zo. A jirgin Turawa zai zo, irin wanda ake ciyar da mutum sau biyar a rana, kuma wai ni zan shirya masa yawon shan iska.

Kin san zancen, amma bari in sake faɗa, don in ban faɗa ba zai shaƙe ni. Shekara goma sha biyu ke nan da ya zo ya durƙusa wa Inna, ta ara masa ie toga ɗinmu, tabarmar da kakarmu ta yi shekara uku tana saƙawa, mai laushin zane, mai jan gashin tsuntsu a baki. Ya ce nunawa kawai zai yi a bikin Maselina, ya dawo da ita. Inna ta ce masa, “Ka dawo mini da ita, da ita za a rufe ni.” Da kunnena na ji.

Shekara biyar tana tambaya. Ran da ta cika, ba tabarma, ba Filipo. Na shiga kasuwar Apia ina kuka na sayo irin wadda ake saƙawa cikin mako ɗaya, mai kaushi kamar bayan kwando. Da aka buɗe ta a gaban dangi, matar tsohon fasto ta taɓa bakinta da yatsa biyu ta ce, “Ikon Allah.” Shekara bakwai ina jin wannan “ikon Allah” a kunnena. Ban ba da tabarmar ga kowa ba, tana ƙasan akwatina.

To ga yawon da na shirya masa. Motar Pasi, mijin jikar maƙwabciyarmu Malia, za ta ɗauko su daga bakin jirgi ta kawo su ƙofar gidana, daidai kabarin Inna. Zan gayyato matan unguwa duka, har da mai “ikon Allah”. Zan gasa alade, in yi masa tarbar manyan baƙi, ba abin da zan rage. In an zo miƙa wa baƙo tabarma, sai a buɗe waccan, mai shela ya ɗaga murya ya faɗi tarihinta, da wanda ya sa aka saye ta. Kyautar da aka yi a bainar jama'a kuwa ba a mayarwa. Zai yi godiya, ya naɗe ta, ya ɗauka ya hau jirginsa da ita, ya je can ya mutu cikin baƙi su binne shi a jere da waɗanda bai sani ba.

Kada ki ce mini in bar wa Allah. Na bar masa shekara bakwai, yanzu kuma ya turo mini mutumin har gida.

Taki,
Lupesina

Matasina, 20 ga Maris

'Yata Maselina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami takardarki, na yi murna. Kada ku ba masu jirgi ko sisi. Za ku ga motar katako shuɗiya a bakin ƙofa, direban sunansa Pasi, yana da surutu amma ba ya gudu. Ku fara biyowa gida ku ci abinci, daga baya a kai yara ruwa. Akwai gwaza da kifi da ganye cikin madarar kwakwa. Ki ce wa babanki ya sa farar riga, akwai 'yan mutane da ke son ganinsa.

Goggonki,
Lupesina

Brisbane, 22 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa. Rabona da rubuta takarda da hannu na manta, ki yi haƙuri da karkacewar.

Sieni ta kira ni ta faɗa mini komai. Kada ki ga laifinta, kuka take yi. Tabarmar kasuwar nan na cancance ta, in kin miƙo zan karɓa da hannu biyu.

Ban taɓa gaya miki abin da ya faru ba. A bikin Maselina, da aka buɗe tabarmar Inna, zauren ya yi tsit. Mai magana da yawun dangin ango ya miƙe ya yi ta yabonta, yana yabona, har na ji kaina ya fi rufin tsawo. Ban san lokacin da na ce na ba su ba. A gaban mutum ɗari uku na faɗa. Kin san ba a zuwa washegari a ce wasa ake yi.

Na ce zan lallaɓa in karɓo a hankali. Kafin in sami bakin magana, an yi musu rasuwa, sun miƙa ta ga wani gida a Auckland. Daga can ta tafi bikin buɗe coci, daga can ta dawo Sydney da wata amarya. Duk inda na ji labarinta, kafin in isa ta wuce. Da kika aiko cewa Inna ta rasu, har filin jirgi na je, na zauna, na dawo gida. Na kasa shigowa gari hannu rabbana. Ba hujja nake ba ki ba, tsoro ne kawai da kunya.

Bara na same ta a wurin wata tsohuwa a Sydney. Sau tara ina zuwa kafin ta ce in daina ɓata mata kujera, in ɗauka.

Ba wanka zan zo yi ba, Yaya. Likita ya hana ni hawa jirgin sama, zuciyar ce, kuma bai ce mini akwai sauran shekaru da yawa ba. Wannan jirgin ne kaɗai hanyar da ta rage. Zan yi ifoga. Zan zauna a ƙofar gidanki in lulluɓa da tabarmar Inna, kamar yadda duk mai babban laifi yake yi, har sai kin ɗaga ta da hannunki. In ba ki ɗaga ba, ba zan tashi ba. Ba na roƙon wuri kusa da Inna, na san na zubar da wannan tuntuni.

Ƙaninki,
Filipo

Matasina, 9 ga Mayu

Sieni,

Gaisuwa kaɗan, don ba ki ci mai yawa ba. Bakinki ko kwandon kifi ya fi shi riƙe ruwa. Na gode.

Kin ji abin da ya ɓullo da shi? Zai yi ifoga! Masu mutunci da asuba suke zuwa, raɓa ta jiƙa su. Shi sai ya gama karin kumallon Turawa, ya goge baki, ya iso mini ƙarfe tara da rabi. Har ban-haƙurin ma jirgi ne ya yanka masa lokaci. Ya lissafa cewa zan leƙo in ga tabarmar kakarmu a rana, zuciyata ta karye, in ɗaga kafin sha biyu, mu rungume juna, a ci alade, a kai jikoki ruwa, ƙarfe biyu da rabi ya ɗaga mini hannu ta tagar mota.

Zancen zuciyar ya tsaya mini a rai, ba zan yi miki ƙarya ba. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ni na goye yaron nan. Amma Inna ma tana da zuciya, kuma a kan tabarmar barandar nan ta ƙarasa ta, tana kallon hanya, duk motar da ta tsaya sai ta ce, “Leƙa mini, Lupesina.”

Na fasa gayyato mata, ba sai na gayyato ba, za su zo da kansu. Zafin ranar Yuni kuwa kin san shi a filin gidanmu, ba bishiya ko ɗaya tun da guguwa ta kayar da mangwaron. Ya zo ya zauna. Ki kira shi ki faɗa masa wannan ma.

Lupesina

Cikin jirgi, 13 ga Yuni

Goggo,

Ina gaishe ki don an koya mini gaisuwa. Gobe in mun tsaya a Suva zan jefa wannan a gidan waya.

Ban taɓa sanin mutum zai iya abin da kika yi ba. Tara da rabi Baba ya zauna a kan tsakuwa, muka rufa masa tabarma, ni da mijina muka zauna bayansa. Kina ciki kina kankare kwakwa, muna jin ƙarar. Sha ɗaya fasto ya shiga wurinki, ya fito yana share gumi. Ƙarfe ɗaya ya sake shiga. Wata tsohuwa a bakin hanya sai cewa take “ikon Allah, ikon Allah”, kamar ba ta san wata magana ba. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko Kaka ɓuya yake yi, me ya sa ba wanda ya zo nemansa.

Na ga kin aiko da kwakwa ɗanya an tura masa ta ƙarƙashin tabarma, sau uku. Kada ki zaci wannan ya wanke ki.

Biyu da rabi Pasi ya ce in ba mu tashi ba, ko ya yi fiffike ba za mu tarar da jirgi ba. Na durƙusa na ce, “Baba, don Allah tashi, ta ƙi.” Ya ce, “Ɗauki yara ku tafi.” Na ce maganinsa na mako biyu ne kawai a jakar. Ya ce, “Ajiye jakar.” Na shigo har inda kike, na kama ƙafarki, kika ce mini, “Kifin yana cikin kwando, ki tafi wa yara da shi.” Yaran da ko ƙafa ba su tsoma a ruwan ƙasarsu ba.

Da jirgi ya fita ya bi ta gaban Matasina, na tsaya a sama ina neman rufin gidanki, ban gane shi ba. Na kira Pasi ya fi sau goma, abin da yake cewa kawai, “Yana numfashi, Goggonki ta hana ni ƙara komai.” Ba zai iya hawa jirgin sama ba, kin sani. Kin raba ni da ubana. Ki gaya mini abin da kika yi da shi.

Maselina

Matasina, 24 ga Yuni

'Yata Maselina,

Gaisuwa, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Ina baranda na ga jirginku ya wuce. Sai da ya ɓace bayan tsibiri na sauko na ɗaga tabarmar. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi teku, ya ce, “Yaya, ya tafi.” Na ce, “Na gani, ai shi nake jira.”

Ramuwa na yi, kuma na ji daɗinta. Shekara bakwai, sa'an nan ya ware wa Inna awa takwas? Da na ɗaga da rana tsaka, da yanzu yana can yana cin abinci sau biyar.

Tabarmar kakarmu ta kwana a kan kabarin Inna, yanzu tana akwati. Ta kasuwar na ba shi, a kanta yake kwana, yana ƙorafin tana cin bayansa. Kowace safiya shi ke share kabarin, a zaune, ba ya iya tsayuwa da yawa. Na kai shi asibiti a Apia, sun ba shi magani, sauran ki aiko ta hannun Sieni, ta iya kai saƙo.

Ku zo da Kirsimeti, ta sama, ku yi wata guda. Ni da kaina zan kai yara ruwa. Kada ku wuce Kirsimeti.

Akwai fili a gefen Inna, ta hannun dama, inda na yi niyyar dasa furanni. Na ce wa maza kada a dasa komai a wurin. Ban gaya masa ba, amma jiya na ga ya share har can.

Goggonki,
Lupesina