Ƙafafun Sadiyatu a Gidan Mahauci

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajjo, a Wamakko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baffa Jibrin. Yaya ciwon bayanki, yaya gajiyar girbi?

Inna, tun da mijina ya sallame ni na sauka gidan Yaya Gambo a Ƙofar Rini. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da inda yake shanya kilishi. Ciwon yana nan yadda kika san shi. Ƙafafuna kamar an cika su da yashi, idona na hagu yana ganin abu biyu-biyu, ƙwarya takan suɓuce daga hannuna ban ji ba. Yakan zo ya tafi, amma in rana ta yi zafi ya fi tsanani.

Maƙwabciyarmu Iya Kulu, tsohuwa mai ba da magani, ta duba ni. Ta ce ba ta da abin da zai raba ni da shi, amma abinci yana sassauta shi. In bar kitse da man shanu da soyayyen nama, in riƙe kifi da wake da zogale da tuwon gero, in guji rana. Da na faɗa wa Yaya sai ya aje wuƙarsa ya ce, "Wato naman gidana shi ne cuta? Da shi anka raine ki." Ya sa aka zubo mini romon kitse, ya tsaya a kaina har na shanye.

Don Allah ki aiko mini da busasshen kifi da zogale ta hannun masu jakai, a kai gidan Iya Kulu.

Ɗiyarki mai kewarki,
Sadiyatu.

*

Zuwa ga Inna Hajjo.

Ina gaishe ki da kyau, Allah ya sa wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki yana isowa, Allah ya saka miki.

Iya Kulu ke dafa mini, ta miƙo ta kan danga. Romon gidan nan kuwa kare nake zuba wa. Inna, ban san ko abincin ne ko lokacin sauƙin ne ya zo ba, amma watan jiya na tashi ba sanda. Na taka har rijiya na jawo guga da hannuna. Na yi kuka don murna.

A hanyar dawowa na haɗu da Yaya da abokan sana'arsa. Na ɗauka zai yi farin ciki. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce musu, "Ku ga gurguwar da nike ciyarwa. Ashe ƙarya ta." Suka yi ta dariya. Ya ce wadda ta iya jan guga ta iya aiki.

Yanzu ni ke juya kilishi a kan tabarmi daga hantsi har la'asar, ga bazara ta shigo. Na roƙe shi ya bar ni in yi a inuwa, ya ce nama ba ya bushewa a inuwa. Idona ya soma komawa yadda yake dā. Kada ki yi masa faɗa, a kaina zai huce.

Ki gaishe da Baffa.
Taki,
Sadiyatu.

*

Zuwa ga Inna.

Gaisuwa da fatan alheri. Rubutun nan na Malam Maccido ne, mijin Iya Kulu, don hannuna ba ya riƙe alƙalami. Ni ke faɗa, yana rubutawa.

Ranar Jumma'ar da ta wuce na faɗi a kan tabarmin kilishi da tsakar rana. Na kira, na ce ƙafafuna sun tafi. Yaya ya zo ya ce in tashi, na kasa. Ya ce ya san maganin masu ƙarya. Ina kwance rub da ciki, ban ga abin da ya ɗauko daga murhu ba. Ƙaurin fata kawai na ji, ina mamakin naman wa aka bari ya ƙone. Sai da matarsa ta yi ihu na gane ya ɗora mini jan ƙarfe a tafin ƙafa.

Sannan ya ce, "To, yanzu na yarda." Ya sa aka kai ni ɗaki. Tun ranar ba a sa ni aiki, ba wanda ya ƙara ce mini maƙaryaciya. Ƙunar tana ruwa, Iya Kulu na wanke ta.

Na san bayanki ba zai bar ki ki hau jaki ba, na san kuma Baffa ya ce gidansa ba ya ɗaukar majinyaci. Ban riƙe kowa ba.

Roƙona ɗaya, Inna. Kada ki ƙara aiko da kifi da zogale. Iya Kulu ta ce mai yiwuwa ƙafafun su dawo kamar wancan karon. Romon kitsen nake sha yanzu, ina shanyewa tas. In na sake tashi zai sake gwadawa, kuma a lokacin zan ji.

Ki yi mini addu'a.
Ɗiyarki,
Sadiyatu.