Aya Ta Goma Sha Takwas

Unguwar Marke, ta Rimin Gado.
Lahadi, 8 ga Yuli, 1984.

Zuwa ga matata Hure,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da yayanki Iliyasu da iyalinsa a Rijiyar Zaki, can bakin birni. Ya ƙarfin jiki, ya kuma haƙuri?

Mu muna nan yadda kika bar mu. Ruwa ya yi sau biyu ya ɗauke. Geron gonar bayan gida ya fito, rana ta ƙone shi, na sake shuka, ta sake ƙonewa. Tafasa da dusa muke ci. Na koyi tuƙa wani abu da nake kira tuwo, da kin gan shi da kin yi dariyar da kika daɗe ba ki yi ba.

Wata uku ke nan da tafiyarki, kuma ban rubuto don in yi miki gori ba. Laifina nake so in faɗa. Tun da marigayi Malam Istifanus, wanda ya kawo mana bishara, ya raba mana addu'ar annabin nan ta cikin Littafi Mai Tsarki aya-aya, mu goma sha tara kowa ya haddace tasa, don a lokacin ba mai karatu sai shi, ba mu taɓa buɗe sujada ba sai mun rufe ido kowa ya faɗi tasa bi da bi. Ya bar mana ƙa'ida biyu. Ba a faɗin ayar mai rai. In kuma mai aya ya rasu, kafin a tura ƙasa sai wani ya tsaya bakin kabari ya karɓe ta.

Ranar da ƙyanda ta ɗauke mana 'yar farinmu, jama'a suka tsaya suna dubana, na ce a tura ƙasa. Na kasa yarda in ji ayarta a bakin wani. Tunda ni mai wa'azi na karya ƙa'ida, sai kowa ya bi. An binne Inna Furera ba a karɓa ba, haka mutum biyu bayanta.

Na san abin da ya kore ki. Yarinyar ce mai ta goma sha bakwai, mai cewa ko gonaki sun hana abinci, ko garke ya ƙare. Ke ce mai ɗorawa da cewa duk da haka za ki yi murna da Ubangiji, ni in rufe da ta ƙarshe. Lahadin farko bayan rasuwar aka zo wurinta aka ji shiru, kika kasa ɗorawa, kika tashi kika fita. Ban ga laifinki ba.

Yanzu mu takwas muka rage. Huɗu suna ƙasa, bakwai kun watse, ke da shidan da yunwa ta kora. In aka zo kan ayar wanda ba ya nan, sai mu yi shiru gwargwadon tsawonta mu wuce. Wa'azi kuwa ya gagare ni. Duk inda na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in tarar da mutum zaune cikin toka yana susar gyambo. Wuraren bege ina ganin su, bakina ne ya ƙi ɗauka. Sai in karanta, in ce mu tashi.

Maƙwabcinmu Ja'afaru zai shiga birni sayar da akuyarsa, shi zai kawo miki wannan. Ina kewarki ƙwarai.

Ni ne mijinki,
Nababa.

Unguwar Marke,
Lahadi, 5 ga Agusta.

Hure,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Ja'afaru ya ce a shagon Iliyasu ya bar takardar, bai gan ki ba. Ba komai, na san ba ki da son rubutu tun a ajin mata.

Zan gaya miki wani abu, kada ki ce yunwa ta taɓa mini kai, ko da yake ni ma na zargi hakan. Yau da hantsi, rana na dukan kwanon majami'a, muna cikin faɗin ayoyi ido rufe, aka zo kan ta shida, ta Inna Furera. Muka yi shiru kamar kullum. Sai na ji ta. Daga gefen mata, wajen bango inda take jingina, da 'yar shaƙewar nan tata da tarin da take yi a tsakiyar aya. Ba ƙarfi, kamar mai magana daga cikin ɗaki an rufe ƙofa.

Ban buɗe ido ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai ta bakwai. Da can yakan yi gaggawa ko ya makara. Yau tana rufe baki ya ɗauka, daidai wa daida.

Haka sauran matattun suka faɗi nasu. Da aka zo ta goma sha bakwai, Hure, na ji 'yarmu. Har inda take haɗiye rabin kalmar garke saboda giɓin haƙorinta. Ta kai ƙarshe ta tsaya, irin tsayawar da take yi tana jiran ki. Wurinki shiru. Na daɗe kafin in iya faɗin tawa.

Aka tashi. Kowa ya sa takalminsa yana kallon ƙasa. Na koma gida na zauna bakin rumbun da ba komai cikinsa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban sani ba ko tsoro nake ji ko daɗi.

Naki,
Nababa.

Unguwar Marke,
Lahadi, 26 ga Agusta.

Hure matata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, wadda yanzu ba don al'ada nake tambaya ba.

Abin bai daina ba, kowace Lahadi suna zuwa. Waɗanda suka tafi neman abinci kuwa, wurinsu shiru ne. Sai makonni biyu da suka wuce, a aya ta goma, muka ji Badaru, wanda ya tafi dako Kudu tun bazara. Muryarsa ce, mai kauri, mai jan ƙarshen magana. Matarsa tana zaune a wurin. Ban ji ta yi motsi ba, amma da muka fito na ga ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane. Shekaranjiya saƙo ya iso. Zazzaɓi ya kashe shi a can, ranar Alhamis kafin waccan Lahadin.

Kin ga halin da nake ciki. Wata huɗu ina jin haushin shirun da ke wurinki, yanzu shi nake roƙo. Tun daga aya ta ɗaya gabana ke faɗuwa. In yarinyar ta gama ta tsaya, sai in riƙe numfashi in ƙirga. In na ji ba kowa, sai in ce na gode Ubangiji, tana raye. Dubi mai wa'azin da begensa duka ya koma kan kada a faɗi ayar bege.

Na ji ana cewa amai da gudawa sun shiga unguwannin bakin birni. Don Allah ki aiko da ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne ki rubuto, zan karɓa hannu biyu.

Mijinki mai jiran amsa,
Nababa.

Unguwar Marke,
Lahadi, 16 ga Satumba.

Hurena,

Ina gaishe ki, a duk inda wannan gaisuwa ta same ki.

Yau na ji ki. Yarinyar ta gama, na fara ƙirga, ban kai uku ba kika ɗauka. A hankali, yadda kike yi in kin gaji, kika ce duk da haka. Kika faɗe ta har ƙarshe ba gargada. Karon farko na karya dokar rufe ido. Tabarmarki tana nan a shimfiɗe, rana ta faɗo kanta ta hudar kwano, ba kowa.

Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina ya faɗi tawa. Ƙarshen addu'ar ya cika, ayoyinmu uku a jere, rabon da haka tun kafin ƙyanda. Kuma na yi wa'azi. Na gaya musu na daɗe ina jiran ruwa ya sauka, rumbu ya cika, kafin in yi maganar bege, ashe mai addu'ar nan gonarsa a ƙone take lokacin da ya yi ta. Ba a ba shi komai ba tukuna ya ce duk da haka. Na ce ban san dalilin wahalarmu ba, kuma ba zan ƙirƙiro musu ba. Abin da na sani, Wanda muke bi ya riga mu shiga kabari, kuma bai zauna ciki ba.

Daga nan na nemi gafararsu, muka ɗunguma zuwa makabarta da rana tsaka. Kowane gida ya tsaya kan nasa ya karɓi aya. Matar Badaru ta juya Kudu ta karɓi tasa. Ni na tsaya kan ƙaramin kabarin, na kira sunan da kunyar 'yar fari ta hana ni kira tana raye. Na ce Asiya, kawo, ki huta. Na faɗe ta da bakina.

Wata daga cikin mata ta matso za ta karɓi taki. Na hana. Ba a karɓar ayar mai rai, kuma ba wanda ya kawo mini labarin komai. Kunnen mai jin yunwa ba shaida ba ne.

Ja'afaru zai taho gobe da sassafe. Na roƙe shi kada ya bar wannan a shago, ya sa ta a hannunki, ya dube ki da idonsa. Ya ce in sha Allahu, amma bai dube ni ba.

Yanzu ta goma sha bakwai tawa ce, ta ƙarshe ma tawa ce, taki tana tsakani. Ranar Lahadi zan faɗi ta Asiya in tsaya. In kina raye, ki hau mota ki zo ki ɗora da bakinki, na wanke tabarmar. In kuwa ba haka ba ne, zan rufe ido in saurara, ba zan ƙirga ba.

Ni ne naki har kullum,
Nababa.