Murhun Gilashin da Bai San Tukunyar Tuwo Ba

Zuwa ga Manajan shagon kayan girki na zamani da ke hanyar Bosso, Minna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Sule, mai walda ne ni a Sauka Kahuta. Ba ka san fuskata ba, domin sau huɗu ina zuwa shagonka ana ce mini ka fita. Yaranka kuwa sun san ni sarai, har wani ya fara shigewa bayan firji idan ya hango hulata. Shi ya sa na zaɓi in rubuto maka a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Maganar ta matata ce, Ladidi. Shekara talatin da ɗaya tana girki da itace, har hayaƙi ya cinye mata ƙirji. Bara da damina asma ta kwantar da ita kwana shida a asibiti. Ranar sallama likita ya dube ni, ba ita ba, ya ce idan ina son matata ta ga auren jikokinta, in raba ta da hayaƙi. Gas kuma tsoronsa take ji tun da tukunyar gas ta fashe a gidan ƙanwarta a Beji. Sai na sayar da ɗaya daga injinan waldata biyu, na nufo shagonku bayan ƙaramar Sallah.

Na ɗaya. Na gaya wa yaron da ya tarbe ni gaskiyar abin da ya kawo ni. Na ce mu gidan tuwo ne, dare bakwai a mako, mutum tara ke cin abincin gidan. Ya wuce da ni gaban wani baƙin gilashi mai sheƙi da kuke kira indokshin, ya ce babu wuta, babu hayaƙi, irinsa manyan Abuja ke sawa. Ya ɗora wata 'yar tukunyarku da ruwa, kafin in gama amsa waya ya tafasa. Ya kama hannuna ya ɗora a gefen tukunyar, gilashi sanyi ƙalau. Wallahi a ranar ji na yi kamar na samo wa Ladidi sabon huhu. Na biya naira dubu ɗari takwas da hamsin, rasit na nan a aljihuna har ya fara yagewa.

Na biyu. Da muka kai gida, Ladidi ta wanke tukunyar dalmarta, wadda mahaifiyarta ta ba ta, ta yi bisimilla ta ɗora. Murhu ya yi ƙara sau uku, ya ƙifta jar fitila, ya mutu. Muka jera duk tukwanen gidan ɗaya bayan ɗaya, har da ta dafa ruwan zafi, bai karɓi ko guda ba. Sai washegari yaronku ya ce ai wannan murhu ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ya faɗa kamar abin da kowa ya sani. Ranka ya daɗe, a wane gida na Minna aka taɓa tuƙa tuwon mutum tara a tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi? Ya ji na ce tuwo, ya ji na ce tara, duk da haka ya rubuta rasit.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙarfe ne sana'ata. Mahaifina gyaran kan jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan, ni kuma a cikin tartsatsi na girma. Ranar da na zo shagonku akwai guntun maganaɗisu a aljihun rigata. Kalma ɗaya da an faɗa mini, da na gane komai a tsaye.

Na uku, kuma nan ne nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na nemi ku karɓi kayanku ku ba ni wani, aka ce abin da aka buɗe daga kwali ba ya komawa. Aka nuna mini jerin tukwanenku na Turai, mafi girma a ciki ba za ta ɗauki tuwon jikokina uku ba. Sai girman kan mai walda ya motsa. Na yanko faifan ƙarfe mai kauri, na goge shi sumul, na haɗa masa zobe da zai riƙe gindin tukunya. Murhu ya karɓa. Ruwa ya tafasa, aka yi talge, gida ya ɗauki murna, ni kuma ina ta zagaye kicin ina jiran yabo. To amma tuƙin tuwo ba shafa ba ne. Ladidi ta danna muciya da ƙarfin da ta saba, sau biyar ko shida, sai muka ji ƙas. Tsaga ta ratsa gilashin daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Na huɗu. Mai gyaranku ya zo, ya ɗaga faifan nawa da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya ɗauki hoto, ya ce garanti ya mutu. Sabon gilashi sai an yi odarsa daga waje. Wata biyar ke nan ana ce mini yana hanya. Ni da ke gyara ƙofar kowa a unguwa, na zauna ina kallon abin da walda ba ta kama shi.

Yanzu bari in gaya maka inda muke. Ladidi ta lulluɓe murhun da farin leshi, tana goge shi kowace safiya. Baƙuwa in ta zo, sai ta ɗaga gefen da bai tsage ba ta nuna mata, ta ce Malam ne ya saya mata saboda lafiyarta. Ba ta taɓa ce mini na yi asara ba, ko sau ɗaya. Ta mayar da duwatsunta uku can bayan gida, jikin katanga, tana jira sai na tafi shago sannan ta hura wuta, ta kashe kafin in dawo. Tana ganin ban sani ba. Ni kuwa ina jin ƙaurin itace a mayafinta, ina kuma ganin yadda abin shaƙarta ke ƙarewa kafin wata ya raba. Na rasa yadda zan yi. Injin da ya rage shi ke ciyar da mu, idan na sayar da shi tuwon ma ya ƙare.

Ga roƙona, ba da faɗa ba, don ba ni da ƙarfin faɗa da kai. Ka karɓi murhun nan yadda yake, ka cire kuɗin gilashin tunda hannuna ne sila, abin da ya rage ka ba ni murhun lantarki na gargajiya mai faranti, wanda bai damu da asalin tukunya ba. Idan hakan ya gagara, ka faɗa mini gaskiyar ranar da gilashin zai iso, in daina zaryar kashe kuɗin keke. Sannan don girman Allah ka ajiye tukunyar dalma da muciya a shagonka. Duk wanda ya shigo ya ambaci tuwo, a ɗora masa ita a kan gilashin ya gani da idonsa kafin ya zaro kuɗi.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya ba iyalinka lafiya, ya sa kada ka taɓa tsayawa a ƙofar gidanka kana jinkirta sallama don matarka ta samu ta gama tari ta ɓoye toka. Jiya minti goma na yi a tsaye.

Wassalam.

Naka,
Sule mai walda,
Sauka Kahuta, Minna.