Ba Za A Rubuta Ni Baƙo Ba

Daga yayanka Audu zuwa ga ƙanena Sale. Assalamu alaikum. Ya jikin Hajiya Ladi, ya yara, ya zaman Garwa? Mu nan unguwar Kilomita Biyar a Bangui sai godiyar Allah.

Tun shekarar da gidanmu na unguwar Miskine ya ƙone raina bai ɓaci kamar ran Litinin ba. Likitocin da ke binciken ciwon sikila sun nemi taimakona, don ni na san wa ya auri wa a unguwar nan tun kakanni. Na yarda saboda Zulai, jikata da ciwon ya ɗauke. Amma wai sai sun sa sunana a kwamfutarsu sun ba ni kati kafin su karɓi maganata.

Akawunsu ya ce, "Baba, takardar haihuwa fa?" Na ce wuta ta cinye. Ya ce to zai sa sunana a jerin baƙin likitocin da suka zo daga waje, ya rubuta Nijeriya, ya fi sauƙi. Da Sango, yaren ƙasar nan, na amsa masa, don kowa ya ji. Na ce, "Ɗana, a nan unguwar Yakite aka binne cibiyata tun ba a haifi ubanka ba."

Sale, in na bari aka rubuta ni baƙo yau, gobe jikokina za a nuna wa ƙofa.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa da kowa. Gobe da sassafe zan koma in zauna a bencinsu. Ko sunan gida ɗaya ba zan faɗa ba sai ya rubuta Bangui.