Na Jera Rogon Matata Bisa Tsawo

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin Litinin ta sama. Yau sati biyar ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce masa zafin gari ne.

Ni malamin firamare ne, shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da aji uku. Matata kuwa masaniyar kimiyyar tsirrai ce a wata cibiyar bincike. Kowa Dakta yake ce mata, har ni idan na yi laifi. Dangina har gobe ba su gane aikinta ba. Ƙanwar mahaifina ta taɓa kawo mata ciwon gwiwa, da aka ce mata ai wannan likitar rogo ce, sai ta ce a duba ta a hakan, ita ba ta da girman kai.

Ga aikin nata. Akwai wata cuta da ke ruɓar da rogo tun yana cikin ƙasa. Ganye kore shar, manomi yana ta murna, ranar tono sai ya tarar da ruɓa. Haka ta yi wa gonar mahaifinta shekara biyu a jere lokacin tana sakandare, kuma tun daga nan ta ƙulla gaba da cutar. Shekara bakwai ke nan tana dasa wa rogo wata ƙwayar halitta da za ta sa ya kare kansa. Ba a gona take renonsa ba, a kwalba ne: ɗan tsiro siriri a kan wani abu mai daskarewa kamar man shafawa, an rufe shi ruf, ko numfashin mutum ba a so ya shiga. Ta samu iri goma sha biyu, ta ba su lamba. Na ɗaya rogo ne na kowa da kowa da ba a taɓa shi ba, lamba tana hawa ƙarfin ƙwayar yana hawa, har zuwa sha biyu. Kowane iri kwalba goma.

To, na'urar sanyaya ɗakin renonsu ta lalace a cibiyar, aka ce gyara sai wata biyu. Da sa hannun shugabanta ta kwaso kwalabe ɗari da ashirin zuwa gida, ta zuba su a ɗakin kwananmu, don shi kaɗai ke da na'ura. Aka jingine gado da bango, aka kafa kanta huɗu da fitilu, ni kuma aka sallame ni zuwa falo. Aka kafa doka: takalmi a bakin ƙofa, takunkumi a hanci, ba tari, ba atishawa, kuma kome za a taɓa sai an goge shi da sifirit. Allah ya sani ban yi ƙorafi ba. Ina son matar nan, Gwaggo, kuma ina alfahari da ita fiye da yadda bakina ke iya faɗa.

Wata Laraba da hantsi, muna hutun makaranta, ita tana wurin aiki, na leƙa ɗakin na ga ƙura a kan kwalabe. Na ce yau zan ba ta mamaki. Na sa takunkumi, na shimfiɗa katifa na sauke su duka a kanta, na goge kantocin tas, sannan na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya da auduga da sifirit, har ina 'yar waƙa a zuci. Saura huɗu in gama sai na lura audugar ta zama baƙa. Ashe makar da take rubuta lambobi da ita a jikin kwalaben ta bushe ranar da take kwaso su, ta zari tawa ta rubutun allo daga aljihun rigata. Lambobin duk sun tafi. Kwalba ɗari da sha shida suna sheƙi, ba wadda ta san sunan ubanta.

Na zauna a ƙasa na fi rabin awa. Daga nan sai shekara ashirin da ɗaya ta aikin koyarwa ta motsa. Idan yara suka cakuɗe a filin taro, yaya ake yi? Bisa tsawo ake jera su. Na jera su, gajeru a gaba, dogaye a baya. Mafi gajarta na ba su lamba ɗaya, na yi ta hawa har mafi tsawo suka samu sha biyu. Rubutunta bai ba ni wahala ba, don na daɗe ina kama yaran da ke kwaikwayon sa hannun iyayensu, na san duk inda ake yin kuskure. Huɗun da ban goge ba kuwa na rantse ba zan taɓa su ba, na mayar da su da lambobinsu na asali.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ban san rogo ba ya zama inda aka ajiye shi ba. Dakta tana auna tsawonsu duk Asabar, ni kuma ranar Juma'a na shiga na tarar wani ɗan lamba huɗu ya zarce 'yan lamba shida. Tsoro ya kama ni kada ta gane, sai na yi masa ƙarin aji. Tun daga nan duk Juma'a ina zaman ƙarin aji. Akwai wanda na tsallakar daga huɗu zuwa tara a sati biyu, yaro mai ƙoƙari. Akwai wani ɗan sha biyu da ya tsaya cak, dole na mayar da shi bakwai, kuma wallahi sai da na ji tausayinsa. Har rajista na buɗe musu, da kwanan wata da kome, domin ni ba na aiki ba rubutu.

Asabar da ta wuce ta fito daga ɗakin idonta cike da hawaye, ta nuna mini takardar awo. Layi ya miƙe sambal daga ɗaya zuwa sha biyu, ko da rula ba zan ja mafi kyau ba. Ta ce a shekara bakwai ba ta taɓa ganin sakamako mai tsabta haka ba, ashe ƙwayar ba kariya kaɗai take bayarwa ba, har saurin girma take sa wa. Ta kira mahaifinta ta gaya masa, tsoho yana ta sa albarka. Abu ɗaya ne ya dame ta: wasu kwalabe huɗu da suka ƙi bin layi. Ta ce tabbas kuskure aka yi a kansu, za ta zubar da su. Gwaggo, su huɗun nan ne kaɗai masu gaskiya a ɗakin.

Litinin ta sama za ta gabatar da sakamakon a gaban manyan cibiyar. Idan suka amince, za a yaɗa lamba sha biyu zuwa dubbai a kai gonakin gwaji, har da ta mahaifinta. Ni kuma na san a cikin 'yan sha biyun nan mai yiwuwa akwai rogon kowa da kowa, wanda tsawo kawai Allah ya ba shi. Abin da ya ƙarasa ni, na ga shafin godiya da ta rubuta. Ta gode wa mijinta saboda haƙurinsa, da kuma yadda bai taɓa taɓa mata kome ba.

Na yi tunanin lalata na'urar sanyin, sai na ga mutuwa za su yi. Na yi tunanin kwantawa ciwo ranar Litinin, sai na tuna ba ni zan yi jawabin ba. Shin ba zai yiwu dogon rogo ya zama shi ne mai kariyar ba? Ko da yake a ajina dogayen ba su cika zuwa na ɗaya ba. Ki gaya mini abin yi, ina tsoron ranar da za ta dube ni ta ga wani mutum dabam.

Naki cikin damuwa,
Malamin Aji Uku

AMSA

Malam, sannu da aiki. Kafin kome, ajiye makar nan. An rufe makaranta, babu sauran ƙarin aji.

Amsar tambayarka ita ce a'a. Tsawo dabam, kariya dabam, kuma kai ma ka sani, shi ya sa abinci ya daina yi maka daɗi.

Na kai matsalarka wurin wata ƙawata mai irin aikin matarka. Da ta gama dariya ta share hawaye, ta ba ni labari mai daɗi. Lambar da ka goge a jikin gilashi take, amma asalin kowane tsiro yana cikin jikinsa. Ana iya yankar ɗan ganye daga kowace kwalba a gwada, a gane wane iri ne. Aiki ne na makonni, mai cin rai, amma shekara bakwai ɗin Dakta ba ta salwanta ba. Abin da ya salwanta awon sati biyar ne. Wannan idan ka yi magana yanzu ke nan.

Idan ka yi shiru, ga abin da zai faru. Za ta tsaya gaban manyanta ta faɗi abin da ba haka ba, da zuciya ɗaya. Za a shuka, cutar ta zo, rogo ya ruɓe a gonar mutanen da suka yarda da ita. Ranar da aka bincika, ba wanda zai ce mijinta ne ya yi shara. Cewa za a yi ta ƙirƙiri sakamako, kuma a aikinsu wannan tabon ba ya fita. Masu jiran su ce dama mace ba za ta iya ba kuma ba su da nisa.

Ban ɗora maka laifin duka ba. Ita ma ta yi sakaci: ta rubuta aikin shekara bakwai da makar allo, a wuri ɗaya tak, ta kafa maka dokoki ba ta zaunar da kai ta gaya maka dalilinsu ba. Kuma sakamakon da ya yi kyau haka ya kamata ya sa ta zargi, ba hawayen murna ba. Amma kada ka kuskura ka faɗa mata wannan, za ta gano da kanta, kuma sai ta fi jin haushin kanta a kan naka. Gogewar kuskure ce ta mai son taimako, kowace mace za ta iya yafe ta. Juma'o'in da suka biyo baya su ne laifinka, a kansu za ka nemi gafara, ba tare da kwana-kwana ba.

Ka same ta a zaune, ba kwalba a hannunta. Fara da hana ta zubar da huɗun nan. Sannan ka faɗi kome daga Laraba zuwa yau, ka miƙa mata rajistar, domin ita ce za ta nuna wa shugabanta a matsayin shaida idan ta je neman a ɗage zaman Litinin. Idan ta yi faɗa, ka saurara. Idan ta juya maka baya, wanda ya fi zafi, ka jure. Kada ka yi tayin taya ta gyara, ka taya ta da girki da yara da barin ɗakin nan.

Abu na ƙarshe. Ka ɓoye sunanka, na kuma yaba, amma mata nawa ne a ƙasar nan suka kori mijinsu falo saboda rogo? Shi ya sa na aika maka da wannan amsar kwana uku kafin ta fito a jarida. Kwana ukun nan naka ne, ka yi amfani da su ta ji daga bakinka. Idan kuwa a jarida kake karanta wannan kuma har yanzu ba ka faɗa ba, to ka ninke ta ka tashi, domin abokan aikinta ma suna karanta shafin nan, kuma wayarta ta kusa yin ƙara.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Dakta, ya kai rogonta gona da lambarsa ta gaskiya.

Gwaggonku