Ban Bari Baba Ya Zare Filogin Ba

Zuwa ga Troels, sanyin idona, hasken ranar da ke ɓullowa bayan an yini ana ruwa, wanda jin sunansa kaɗai yake sa kunnuwana su ɗau zafi,

Ina aiko maka gaisuwa mai yawan igiyar ruwan da ke dukan gaɓar garinmu Lemvig, mai ƙamshin burodin kirfa da aka fito da shi yanzu daga tanda. Na san wayarka tana kulle a akwatin malamai tare da ta sauran sababbin ɗalibai har hutun kaka, shi ya sa na je na sayo kan sarki.

Kwamfutarka tana nan lafiya. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, domin jiya saura ƙiris ta shiga wahala a hannuna.

Ka tuna ranar da ka kawo min ita? Ana tsuga ruwa, ka naɗe ta da bargonka da rigar ruwanka a cikin akwatin keke, kai kuwa ka jiƙe sharkaf kamar tsuntsun teku. Ka ce ba a yarda ku je makarantar kwana da irinta ba, kuma tawa ba za ta iya ɗaukar fim ɗin zanen da nake haɗawa don neman shiga ajin zane ba. Kwamfutar da ka harhaɗa da hannunka, wadda ko yayanka Esben ba ka barin ya taɓa! Wace ce ni da za a ba ni irin wannan amana? Na so in faɗi magana mai nauyi a ranar, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, ko za ka sha koko?

Kana goge gashinka da tawul ɗinmu kana gaya min cewa wata rana katin hoto, ɓangaren kwamfutar da ke fito da hotuna a allo, zai buƙaci sabon direba, wato 'yar manhajar da ke sa katin da kwamfutar su fahimci juna. Ka zaci ba na sauraro, don ƙasa nake kallo. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Jiya Lahadi da rana ranar ta zo. Manhajar zane ta ƙi buɗewa, ta ce direban ya tsufa. Ina kake, ya kai fitilar bakin teku? Wa zan tambaya? Sai na bi maganarka daki-daki. Na kwafe fim ɗina a wani wuri daban. Na sa kwamfutar ta ajiye yanayinta na yanzu, don in abu ya lalace a samu hanyar komawa baya. Na duba ainihin sunan katin, na je shafin kamfanin da ya ƙera shi, ban kula waɗancan shafukan masu manyan maɓallai koraye da ka ce tarko ne ba. Na rufe duk abin da ke buɗe, na danna.

Sai allon ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya mutu. Baƙi ƙirin, kamar teku a watan Disamba. Ba abin da nake gani a ciki sai fuskata a tsorace.

Daidai nan Baba ya shigo da kofin kofi a hannu. Ka san shi, maganin kowace na'ura a wurinsa, daga rediyo har injin wanki, shi ne a zare filogi a mayar. Ya ce wannan ai ta sume, in matsa ya gyara min, ya sunkuya ƙarƙashin tebur. Troels, ni da malamai suke roƙona in ɗaga murya a aji, ni da ban taɓa yi wa Baba musu ba, sai ga ni na riƙe masa hannu gam da hannuwana biyu. Na ce kada ya taɓa, ai kai ka gaya min duhun nan ba mutuwa ba ne, tana cire tsoho ne tana sa sabo, wanda ya katse mata wuta a tsakiya shi ne zai ɓata ta. Kofi ya zube a safarsa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi dai bai gane ba, kwamfutar ake karewa haka ko mai kwamfutar? Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Amma ban sake shi ba. Muka tsuguna a nan mu biyu, fankar kwamfutar tana huci a hankali, ruwa yana dukan taga, zuciyata tana bugu kamar fiffiken agwagwar daji. In ba ta dawo ba fa? Da wane ido zan dube ka? Me zan ce wa mutumin da ya gwammace ya jiƙe da dai ɗigo ɗaya ya taɓa ta? Sai haske ya dawo! Hoton gaɓar nan da ka ɗauka ya bayyana tar a allon, har ƙwayoyin yashi ina gani. Na kashe ta na sake kunnawa kamar yadda ka ce, manhajar zane ta buɗe. Baba ya tafi neman wata safar yana dariya, yana cewa a gaishe masa da injiniya.

Tun jiya tambayarsa ta hana ni sakat, domin na san amsarta tun kafin ruwan ranar nan. Kai nake karewa. Ina son ka, Troels, so mai zurfi irin na mashigin ruwanmu, wanda samansa shiru ne amma ba a ganin ƙasansa. Ban iya faɗa da baki ba, ga shi na rubuta.

Ka koya min kada in taɓa sabon abu sai na tanadi hanyar komawa baya. Wannan karon na saɓa maka, wasiƙar nan ba ta da irin wannan hanya. Da zarar na jefa ta a akwatin gidan waya, allona zai yi duhu, ba zan san abin da ke faruwa a zuciyarka ba har sai ka amsa. Roƙona ɗaya ne, ya kai sanyin raina: ko me za ka ce, ka rubuto da hannunka. In amsar ba wadda nake fata ba ce, kwamfutarka za ta dawo maka ba ko ƙura, ba kuma zan daina gaishe ka a hanya ba.

Ni dai zan zauna a gaban duhun nan, hannuna a kan cinya, ba zan taɓa filogi ba, ba zan kuma bari kowa ya taɓa ba.

Taka mai riƙon amana, yau da gobe da duk hunturun da ke tafe,
Solvej